Kallon talabijin na dijital ta eriya: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Na daɗe ina hawa rufin gidajen mutane a Kano da garuruwan kewaye ina ɗaura eriya. Sau da yawa mutum zai shigo shago da dikoda a leda, ransa a ɓace, ya ce an sayar masa da jabu. In na jona ta a eriyar shago sai hoto ya fito tas. Dikodar lafiyarta ƙalau, ciwon yana can sama, tsakanin eriya da wayar da ta sauko ɗaki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake amsawa kusan kullum, na rubuta su yadda ake yi mini su.

Malam, mene ne bambancin wannan da dish?

Dish yana karɓar sigina daga tauraron ɗan'adam da ke sararin samaniya, nisan kusan kilomita 36,000. Ita kuwa eriya daga ƙasa take karɓa, daga wani dogon turke da aka kafa a garinku ko a babban birnin jiharku, wanda na'urar watsa shirye-shirye ke maƙale a ƙololuwarsa. Shi ya sa dish ke aiki ko a tsakiyar daji, eriya kuma sai inda ƙarfin turken ya kai.

Tsarin da Najeriya ta ɗauka sunansa DVB-T2, shi ne kuma wanda ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da shi. 'Yan'uwanmu na Nijar TNT suke ce masa. A da kowace tasha da mitarta ita kaɗai. Yanzu ana matse tashoshi goma sha wani abu a ɗora su kan mita guda, dikoda ta warware su. Ka riƙe wannan, domin zai sake fitowa a gaba.

Yaushe aka fara, kuma ya zo ko'ina?

Tushen maganar yarjejeniya ce da aka ƙulla a Janeba a 2006 ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, inda aka sa ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari. Najeriya ba ta cika wa'adin ba, haka ma wanda ta sa wa kanta a 2012 da na 2017.

'Yan kasuwa ne suka riga gwamnati. StarTimes ta fara a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo baya a 2011. Shirin gwamnati da ake kira FreeTV, wanda NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ke kula da shi, an fara gwajinsa a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, garin da aka fara watsa talabijin mai launi a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970. Daga nan sai Abuja a Disamba 2016, Ilori da Kaduna a Disamba 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Aka yi dogon shiru, sai Legas a Afrilu 2021, Kano kuma a Nuwamba 2021.

Ka ga ke nan jihohi da yawa ba su cikin wannan jerin. Abin yana damuna, domin talaka ne ya fi buƙatar talabijin marar kuɗin wata, shi ne kuma aka bari yana jira. Shawarata, kafin ka fitar da kuɗinka ka leƙa gidan maƙwabci mai irin dikodar da kake so, ka ga abin da take kamawa a unguwarku a yau. Gani ya kori ji.

Tsohuwar talabijin ɗina mai ƙusumbi fa? Sai na sayar?

A'a, Baba, riƙe abarka. Muddin tana da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, dikoda za ta hau kanta. Sabuwa kuma a jona ta da wayar HDMI, hoton ya fi tsabta.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen talabijin na gwanjo. Mai sayarwa zai ce ai da dikodarta a ciki. Ka juya bayanta ka karanta. In DVB-T kawai aka rubuta babu lamba 2, tsohon yayi ne daga Turai, ba za ta kama na nan ba. Wadda aka yi don Amurka kuwa tsarinta daban ne gaba ɗaya. Ko mai DVB-T2 ɗin ma, tashoshin da ba a kulle ba kawai za ta nuna maka, na kamfanoni sai da dikodarsu.

Nisan kilomita nawa siginar take kaiwa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, amsarta kuma ba lamba ɗaya ba ce.

Siginar talabijin tana tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila. Ba irin ta rediyo mai gajeren zango ba ce, wadda ke tsallake ƙasashe ta iske ka a gona. Ita wannan so take eriyarka ta hangi kan turke. Duniya kuma a lanƙwashe take, don haka ko babu dutse babu gini, akwai inda turken zai nutse a bayan doron ƙasa.

Akwai lissafin da masu aikin ke yi. Turke mai tsawon mita 100 yana hangen kusan kilomita 41. Eriyar da aka ɗaga mita 9 tana ƙara kusan kilomita 12 a kai, wadda ke mita 4 kuma kusan 8. In ka haɗa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ana maganar kilomita 50 da ɗoriya, in na'urar tana da ƙarfin da zai kai can. Shi ya sa mutumin Wudil ko Bichi ke iya kama Kano da doguwar sanda, na Gwarzo kuma sai an sha wuya. Zariya da Kaduna kusan kilomita 80 ne, a irin wannan tazarar ba na yi wa kowa alkawari. Shi ya sa kuma aka kai na'urar Abuja kan tudun Mpape, domin tudu kyautar tsawo ce da ba a saye da ƙarfe.

Kusanci ma ba shi ne tabbaci ba. Na taɓa yin aiki a gidaje biyu a layi ɗaya a gefen Goron Dutse. Na farko eriya a kan katanga ta wadatar. Na biyu, taku kaɗan gaba, dutsen ya shiga tsakaninsa da turke, sai da muka haɗa bututu biyu muka ɗaure da igiyoyin ƙarfe ta ɓangare uku kafin hoto ya zauna. Mutanen Jos da ke zaune a tsakanin duwatsu sun fi kowa sanin wannan. Bene mai hawa uku, tankin ruwa, ko katuwar bishiyar darbejiya a gaban eriya, duk suna iya yin aikin dutse.

Da can ko da dishi-dishi muna kallo. Me ya sa yanzu ko ya kawo ko ya ɗauke ɗif?

Haka halin dijital yake. Tsohon tsari in sigina ta yi rauni hoto ne ke yin yayyafi, murya na shuu, amma ana gane fuskar mai karanta labarai. Na yanzu lambobi ake aikowa, dikoda tana gyara kurakuran da suka shigo a hanya. Muddin kuskuren bai fi ƙarfinta ba, hoton mai rauni da na mai ƙarfi iri ɗaya ne, tas. Da zarar ya wuce iyaka sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, daga nan sai baƙin allo.

Hatsarin shi ne kana iya zama a bakin gaɓa ba ka sani ba. Yau hoto garau, gobe iska ta ɗan karkata eriya, shi ke nan. Don haka ba na sauka daga rufi don kawai hoto ya fito, sai na ga an samu rarar sigina mai yawa.

To ta yaya zan saita eriyar da kaina?

Ku zama mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a gaban talabijin, waya a kunne. Na ƙasa ya shiga wurin neman tasha a dikoda, inda sanduna biyu ke fitowa. Ɗaya an rubuta mata Strength, wato ƙarfi, ɗaya Quality, wato inganci. Mutane sun fi ɗokin ta farko, alhali ta biyun ce mai hukunci. Ƙarfi yana iya cika maƙil da hayaniya zalla, inganci yana ƙasa, hoto ya ƙi zama. In inganci ya haura sosai ya tsaya cak ba ya rawa, an gama.

Na sama ya dubi eriyoyin maƙwabta tukuna: ina suka fuskanta, kuma haƙoransu a kwance suke ko a tsaye? Wannan na biyun ba ado ba ne. Dole haƙoran su dace da yadda turke ke watso siginar, in aka saɓa mafi yawan ƙarfin ya tafi. Tsinin eriya, ɓangaren gajerun haƙora, shi ke kallon turke, ragar kuma tana baya. Na sha samun wadda aka ɗaura baibai.

A juya a hankali, kamar faɗin yatsa biyu, a dakata a ƙirga biyar, domin dikoda tana ɗan jinkiri kafin ta nuna sauyi. Mai garaje yakan tsallake wurin da ya dace bai sani ba. In an samu, a gwada ɗagawa ko saukewa da kamu ɗaya ko biyu. Tsawon zangon wannan siginar kusan rabin mita ne, rufin kwano kuma yana mayar da ita kamar madubi, don haka ɗan matsi kaɗan yana canza lamba sosai. Kada a bar eriya tana shafar kwano, a ɗaga ta aƙalla mita ɗaya da rabi sama da shi. Sannan a ɗaure tamau, da tunanin iskar farkon damina.

Eriyar ɗaki ba za ta yi ba? An ce akwai ta musamman ta dijital.

In kana cikin gari kusa da turke, kuma tagarka tana kallon wajensa, tana iya yi. A ɗakin da ke da rufin kwano da tagar ƙarfe mai raga kuwa, kamar ka sa ta cikin tukunya ne ka rufe.

Maganar eriyar dijital kuma sunan talla ne. Eriya ba ta san abin da aka ɗoro wa sigina ba, mita kawai ta sani. Duk eriyar UHF mai lafiya, wato wadda aka yi don zangon da talabijin ke amfani da shi, ko ta shekara 20 ce, za ta yi aiki. Mai nisa ya nemi doguwa mai haƙora da yawa.

In sayi busta?

Wani lokaci. Busta ba ta ƙirƙirar siginar da babu, abin da eriya ta kamo take ƙarawa, mai kyau da marar kyau. Amfaninta shi ne rama abin da doguwar waya za ta cinye, don haka wurinta can sama ne a gindin eriya. Wadda aka maƙala a bayan talabijin ta makara, siginar ta riga ta lalace kafin ta iso ta.

Abu biyu za a kiyaye. Eriyoyi da yawa na kasuwa suna da busta a cikinsu, kuma wuta take ci. In ba a kunna mata wutar bolt 5 daga cikin dikoda ba, ko ƙaramar adaftarta ta ƙone, sai ta koma toshiya, gara ma babu ita. Na biyu, wanda ke dab da turke bai da buƙatarta, ƙarfi in ya yi yawa yana ruɗa dikoda har hoto ya ɗauke. Na sha gyara talabijin da cire busta kawai.

Komai daidai yake amma inganci ya ƙi hawa. Me ya rage?

Waya. In da za a tambaye ni abu guda da ya fi ɓata wa mutane kallo, ita zan ambata.

Wata Hajiya ta kira ni, ta ce dikoda ta uku ke nan ɗanta ya saya mata. Da na hau na kwance kan wayar daga jikin eriya, sai ruwa ya ɗigo mini a tafin hannu. Zaren tagullar ya zama kore, ragar da ke kewaye da shi ta ruɓe tana marmashewa kamar busasshen ganye. A tsakiya kuma an yi haɗi, an murɗe wayoyi biyu an naɗe da leda. Na ce, "Hajiya, dikodojinki duka uku lafiyarsu lau." Muka sa sabuwar waya guda ba haɗi, sandar inganci ta tashi nan take. Ta yi shiru, sannan ta ce da ta sani da kuɗin ya tafi wajen cefane. Maganar ta tsaya mini a rai.

A sayi wayar da ake kira RG6 mai kauri, mai raga cikakkiya. Ko ita, mita 20 na cinye kusan rabin sigina, balle siririyar nan mai araha. Kada a bar ragowa a naɗe a bayan kabad, a yanke daidai buƙata. A sa kan waya na ƙarfe mai murɗawa, a tabbatar ko silin raga ɗaya bai taɓa zaren tsakiya ba. Haɗin da ke waje a naɗe shi da salatif mai kyau, a kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗige a waje maimakon ya bi ta zuwa ɗaki.

Me ya sa yake ɗaukewa in ana ruwa? Da hunturu kuma da asuba nakan ga baƙin tashoshi.

Ruwan sama kansa bai cika taɓa siginar eriya ba, dish ne ke shan wannan wahalar. In taka tana ɗaukewa da damina, ko ruwa ya shiga waya, ko iska tana kaɗa sanda, ko jiƙaƙƙen ganyen bishiya ya tare hanya. Bishiyar da ta kaɗe ganye da rani tana iya rufe maka turke a watan Agusta.

Na hunturu kuwa abin sha'awa ne. Da dare iskar da ke kusa da ƙasa tana yin sanyi, mai ɗumi tana bisa, sai sigina ta lanƙwaso ta bi doron ƙasa ta yi tafiyar da ba ta saba ba. Shi ne za ka kama wani gari mai nisa da sassafe, rana na ɗagawa ya ɓace. Kada ka juya eriyarka dominsa, baƙo ne. Wani lokaci ma shi ke jawo matsala, in ya faɗo kan mita ɗaya da turken garinku suka yi karo.

Tashoshi kusan goma sun ɓace lokaci guda, sauran suna nan.

Ka tuna na ce tashoshi da yawa ke hawa mita guda. Waɗanda suka ɓace tare a mota ɗaya suke. Ko an canza musu mita, ko tasu ce mafi rauni a wurinka, ko na'urar da ke watsa su ta tsaya, domin can ma ana ɗauke wuta, ana kuma yin gyara. Fara tambayar maƙwabta. In kowa ya rasa, ka bar eriyarka yadda take, ka jira. Kada ka sake neman tashoshi a lokacin da turke ke kashe, domin dikoda na iya goge waɗanda ke ciki ta bar ka hannu rabbana. In kai kaɗai ne, sai ka sa ta sake nema.

Ga mai son nema da hannu: da megahaz ake auna mita, talabijin kuma yanzu yana tsakanin megahaz 470 da 694, wato layi na 21 zuwa na 48, kowanne faɗinsa 8. Ka ninka lambar layi sau 8 ka ƙara 306, ka samu mitarsa. Layi na 21 shi ne 474, na 30 kuma 546. Dattawan Kano za su tuna tashar talabijin ta jiha, CTV 67, wadda ta koma ARTV. Wannan 67 ɗin lambar layinta ce, megahaz 842 ke nan, yankin da yanzu aka ware wa kamfanonin wayar salula. Wannan ma na cikin dalilan sauya tsarin tun farko. Saboda haka wanda gidansa ke gindin turken kamfanin waya, musamman mai busta, yana iya buƙatar 'yar matatar LTE, mai tace siginar salula, a kan wayar eriyarsa.

Da na tayar da janareta sai hoto ya fara sarƙewa.

Tartsatsin fulogin janareta ne ke watsa hayaniya. Haka wasu ƙwayayen fitila masu araha, cajar waya, inbata, har babur da ke wucewa. A kashe su ɗaya bayan ɗaya ana kallon sandar inganci, mai laifin zai bayyana. A nisanta janareta da eriya, kada kuma a ɗaure wayar eriya tare da ta wuta.

Zan iya raba eriya ɗaya ga ɗaki biyu?

Za ka iya, da 'yar na'urar rabawa ta ƙarfe, ba da murɗe wayoyi ba. Kowane ɗaki zai samu ƙasa da rabi, don haka sai in akwai rara. Kowace talabijin kuma da dikodarta, in ana so uwargida da amarya kowa ta kalli abin da take so.

An ce kyauta ne, ga shi ana neman kuɗi.

StarTimes da GOtv na biya ne, in kuɗi ya ƙare tashoshi su rufe. FreeTV ba ta da kuɗin wata, amma an tsara ta da rajista da ɗan kuɗin shekara. Ka lura da saƙon da ke kan allo: in ya nuna an kulle tasha, maganar kuɗi ce ko rajista, hawa rufi ba zai gyara ba. In ya ce No Signal, to nan ne ake duba eriya.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da gaske. Bututun ƙarfe mai tsawon mita shida a hannun mutum, ga wayar lantarki ta ratsa ta kan soro, wannan ya ci rayuka. Kafin a ɗaga sanda a dubi sama, a auna: in ta faɗi ta kowane ɓangare, za ta taɓa waya? In za ta taɓa, a canza wuri, ko da a ce ba wuta a lokacin. Kada a tura yaro. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano, a kuma taka kan layin ƙusa inda katako yake.

Doguwar sanda tana son a haɗa ta da waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare wayar eriya daga dikoda, a zare fulogi daga bango. Kashewa da rimot ba ya hana aradu shiga.

Ƙauyenmu ya yi nisa, mun gwada komai. Mu ƙara tsawon sanda?

Ɗan'uwa, in kun ɗaga eriya mai kyau mita 10 zuwa 12, da sabuwar waya da busta a sama, sandar inganci ba ta ko motsa ba, ku tsaya haka nan. Bututun da za ku ƙara ba zai ɗago turken daga bayan ƙasa ba, iska ce kawai za ta samu abin kayarwa. Kuɗin ku mayar da shi kan ƙaramin dish da risiba mai kama tashoshin kyauta. In kuwa sandar tana ɗan motsi, musamman da rana tsaka ba da asuba kaɗai ba, akwai fata. Ku ari eriya mafi tsawo ku gwada ta a kusurwoyin gidan huɗu kafin ku saya, ku kuma yi kallo da ita kwana uku, safe da rana da dare, kafin ku zuba wa sandar siminti.